Idan motar gida ta fara furfura: yadda ake dawo da baƙin robar jikinta

Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa jiran mota a tashar Ƙanƙara, ko a mararrabar Sheme, ko kan hanyar Dandume zuwa Sabuwa, ya san irin motocin da ke jigilar mutanenmu. Golf ce, Sharon ce, sai Fijo 406 jefi-jefi. Ku ƙare musu kallo wata rana. Fentin jikin wata da sauran kyansa, amma bambarta, da bayan madubin gefe, da robar nan da ke ƙasan gilashin gaba inda waifa ke kwanciya, duk sun yi fari-fari kamar ƙafar yaron da bai shafa mai ba a tsakiyar hunturu. Lokacin da motar ta fito daga kamfani waɗannan wurare baƙi ne wuluk. Direbobi kan ce mota ta yi furfura.

Ba abin mamaki ba ne. Golf 3 da ta cika tashoshinmu, a 1991 kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera ta. Ta girme mu, ta girme ku, ta ma girmi wasu daga cikin malaman da ke koyar da ku. Kuma ba ta da ranar hutu nan kusa. A watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya taɓa kasuwar motocin Kwatano. A 2023 aka cire tallafin fetur, darajar naira ta faɗi, kuɗin mota 'yar Beljiyam ya yi tashin gwauron zabi. Mai tsohuwar mota yanzu ba ya tunanin canza ta, lallaɓa ta yake yi. Wanda kuma dole ta sa zai sayar, yana son ta yi kyan gani kafin dillali ya iso, domin mai saye da ido yake fara ciniki.

Nan ne ƙaramar sana'a take ga ɗalibin da ke wankin mota lokacin hutu. Nan ne kuma mu muka tafka ɓarna.

Yadda muka ƙona bambar Kawu

Kawunmu yana haya da Golf tsakanin Funtuwa da Faskari. A wani dogon hutu, mu biyu, da ƙaninmu da ke aji biyar na sakandare, muka karɓi aikin wanke ta kowace yamma. Sai muka ga wani bidiyo a waya: Bature ya riƙe wata na'ura mai hura iska mai zafi, yana bin bambar motarsa da ita, duk inda ya wuce sai furfurar ta koma baƙi kamar sihiri. Ba mu da na'urar. Muka je muka aro kan wutar gas irin na masu gyaran firij, muna ganin ai zafi zafi ne.

Gaskiya wurin farko ya yi baƙi. Muka yi ihu. Da muka matsa gaba muka ɗan jinkirta hannu don ya ƙara baƙi, sai robar ta fara sheƙi, ta yi ƙuraje, ta lotsa, wani wari ya tashi. Faɗin tafin hannu guda ya narke a daidai kusurwar dama. Kawu ya fito daga masallaci ya tarar da mu tsaye cirko-cirko. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "To, 'yan boko, wannan ne ilimin da ake biya muku kuɗi a kai?" Muka ce, "Kawu, a yi haƙuri." Bai ƙara cewa komai ba, ya buɗe but ya nuna mana jarkar fetur da ke ciki, cike. Sai a lokacin jikinmu ya yi sanyi. Kuɗin da muka tara na sayen takardun karatu, a kan tsohuwar bamba ta gwanjo suka ƙare a Funtuwa.

Abin kunyar shi ne, amsar tana cikin littafin kimiyyar sinadarai da muka yi jarrabawa a kansa.

Me ke cin baƙin?

Yawancin baƙar robar da ke wajen mota ana yin ta ne da wani nau'i da ake kira folifurofilin. Idan kuka leƙa bayan bamba ko cikin madigadi za ku ga an buga haruffan PP, wani lokaci PP+EPDM idan an gauraya shi da roba mai laushi don ya jure duka. Bayan madubi da ragar gaba wani lokaci ABS ne, wani nau'i daban. Irin robar PP ɗin nan ce a yawancin bokitai da kujerun biki, masu lamba 5 a cikin alamar kusurwa uku. Wani masani ɗan Italiya, Giulio Natta, ya haɗa ta a 1954, kuma a 1963 shi da Bajamushe Karl Ziegler suka samu kyautar Nobel a kan aikin. 'Yan aji shida za su tuna darasin folima: ƙananan ƙwayoyin iskar furofin dubbai ne ke riƙe hannun juna su zama doguwar sarƙa, sarƙoƙin su cukuikuye da juna su zama roba.

Ita wannan roba asalinta ba baƙa ba ce, fari-fari ce kamar kyandir. Baƙin ana zuba mata shi ne, garin kabon mai laushi, ɗan'uwan baƙin da ke taruwa a gindin tukunya. Ba don ado kawai ake zuba shi ba. Yana shanye wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV, kafin ya shiga cikin robar. Shi ya sa ake yin manyan tankunan ruwa da bututun noman rani da baƙi. Ana kuma zuba wasu sinadarai masu kare roba daga rana, sannan sau da yawa a ƙara garin farin dutsen talk don ta yi tauri ta kuma yi araha.

To, hasken UV yana da ƙarfin da zai tsinka sarƙar. Duk inda ta tsinke, iskar oksijin sai ta kama wurin, ta ƙara tsinka na kusa da shi. Sinadaran kariyar suna tare wannan ɓarna shekara da shekaru, amma ƙarewa suke yi kamar sabulu. Idan sun ƙare, fatar robar ta sama, wadda kaurinta bai kai na takarda ba, sai ta farfashe, ta yi tsage-tsagen da ido ba ya gani, garin talk ya fara leƙowa. Ku shafa yatsa a tsohuwar kujerar roba da ta daɗe a rana, za ku ga fari kamar alli. Cutar ɗaya ce.

Me ya sa farfashewa ke kawo fari? Nan darasin haske ya shigo, kuma misalin yana cikin sunan garinmu. Dunƙulen ƙanƙarar da ake sayarwa da azumi, ana iya hango hannu ta cikinsa. Ku daddaka shi, sai ya koma fari fat. Ba a zuba masa komai ba. Ɓarɓashin ne ke watsa haske ta kowane ɓangare ya dawo idonmu. Haka fatar bamba take yi: haske ba ya samun isa ga baƙin da ke ƙasa, tun a sama ake watsar da shi. Shi ya sa idan kuka watsa wa bamba ruwa take yin baƙi nan take. Ruwan ya cike tsagogin, haske ya wuce ciki, kabon ya shanye shi. Da ta bushe furfura ta dawo. Baƙin bai je ko'ina ba, yana nan a ƙasa.

Ƙasarmu kuma ba ta raga wa roba. Wolfsburg, garin da ake ƙera Golf, yana wajen digiri 52 arewa da tsakiyar duniya. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna tsakanin digiri 11 da 12, inda rana ke tsayawa kusan a tsakar ka. A watan Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, baƙar robar da ke rana kuwa ta fi haka nesa, ba a iya ɗora mata hannu, kuma zafi yana hanzarta aikin oksijin. Hunturu ya zo da ƙurarsa ta cusa kanta cikin tsagogin. A Ƙanƙara ga kuma farar ƙasa da ake haƙa ana lodi a manyan motoci. Har matsalar tsaro tana da hannu a ciki. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka ce su zagaya ta Funtuwa, kuma ko bayan nan direbobi da yawa sun fi son rana ta ɗaga kafin su kama hanya, su dawo kafin ta faɗi. Motar hayar yankinmu a tsakiyar rana take cin abincinta.

Dabarun tasha

Wanda ya gane maganar ruwan nan ya gane duk dabarun da ake yi a wurin wankin mota, domin dukansu abu ɗaya suke yi: neman abin da zai cike tsagogin, wanda ba ya bushewa da wuri kamar ruwa.

Wanda ya fi yawa shi ne baƙin mai, wanda aka juye daga inji. Kyauta ne, kuma yana ba da baƙi mai sheƙi na kwana biyu. A rana ta uku ƙurar hanya ta manne masa, bamba ta koma ja-ja, fasinja mai farar shadda ya jingina ya tafi da rabonsa. Wannan ma ƙarami ne. Man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da ragowar ƙonewar fetur da ɓurɓushin ƙarafa, kuma littattafan da kamfanonin mota ke bayarwa suna gargaɗin cewa yawan taɓa shi ya haifar da sankarar fata a dabbobin gwaji. Mu mun ga yara 'yan firamare suna tsoma tsumma a ciki da hannu tsirara, su gama su ci rake da hannun. Idan ba za ku riƙe komai daga wannan shafi ba, ku riƙe wannan: baƙin mai ba abin shafawa ba ne.

Man birki ya fi shi ta'adi. Yana baƙanta roba, amma ɗigo ɗaya ya sauka kan fenti aka bar shi, sai ya ci fentin ya tashe shi. Aikin ɗari biyar ya jawo muku bashin mai fenti.

Akwai masu shafa man goge takalmi, akwai masu bazilin, akwai masu man gyaɗa. Kada ku ɗauka mu kaɗai ne, a Amurka akwai masu shafa wa motarsu markaɗaɗɗiyar gyaɗa, abin da iyayenmu mata za su ce tunkuza. Waɗannan ba su da haɗarin baƙin mai, amma wanki ɗaya ko biyu ya tafi da su, man gyaɗa kuma yana gayyato tururuwa. Man feshi na silikon da ake sayarwa a shagunan kayan mota ya fi su tsabta, yakan yi 'yan makonni. Sai dai a kiyaye: kada ya taɓa sitiyari, ko fedar birki, ko kujera da tayar babur, domin santsi gare shi. Masu fenti ma ba sa ƙaunarsa, saboda duk inda ya taɓa sabon fenti ba ya zama, sai ya yi ramuka ƙanana.

Zafi fa? Baturen bidiyon ba ƙarya ya yi ba. Robar PP tana narkewa a wajen digiri 160 zuwa 165. Iska mai zafi tana narka fatar saman kaɗai, tsagogin su haɗe, baƙi ya bayyana. Harshen wutar gas da muka aro ya haura digiri 1,000, ga shi a wuri ɗaya muka tsayar da shi. Ko da na'urar gaske, abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne bayan watanni: furfurar tana dawowa, sau da yawa dabbare-dabbare, kuma kowane ƙonawa yana ƙara wa robar gautsi. A ganinmu wannan ba aikin ɗalibi ba ne, balle a kusa da motar da ke yawo da jarkar fetur.

Yadda ake yi ya daɗe

Rabin aikin wanki ne, kuma shi ne rabin da kowa ke tsallakewa. A kai motar inuwa, a bari robar ta huce. A samu ruwan omo da burushi mai ɗan tauri, irin na wankin takalmi, a cuɗa sosai har sai kumfar ta daina fitowa da datti. Tsohon burushin haƙori yana shiga lungu. Idan an taɓa shafa mata baƙin mai ko silikon, sai an yi wanki biyu ko uku. Farin tabon da man goge fenti ke bari a gefen roba, kilinar goge fensir tana fitar da shi. A ɗauraye, a bari ta bushe ƙarau, sannan a bi ta da tsumma mai tsabta da sifirit na kemis don cire ragowar maiƙo. Kada a yi amfani da tina ko fetur. Tina tana narka ABS, fetur kuma kun san halinsa. Sau da yawa bayan wannan wanki kaɗai za a ga rabin furfurar ƙura ce.

Daga nan hanya biyu ce. Ta farko ita ce rini na musamman na robar mota, wanda ke shiga tsagogin ya bushe a ciki maimakon ya zauna a sama kamar mai. Wasu, irin su Solution Finish, suna ɗauke da garin kabon ɗin da kansa, wasu kuma irin su Cerakote suna barin siririn rufi mai tauri. A manyan kasuwannin kayan mota kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ake neman irin waɗannan kaya, kuma suna da tsada, ga jabu. Ana manna salatif na takarda a kan fentin da ke kewaye, a sa safar hannu, a ɗiga kaɗan a soso a shafa siriri, a goge abin da ya yi yawa, a hana shi ruwa na tsawon lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar. Mai kyau yakan yi watanni. Kada ku yarda da wanda ya ce muku na har abada ne, rana ba ta daina aikinta ba.

Ta biyu ita ce fenti, ga robar da ta lalace sosai. Nan ma akwai tarko. Fenti ba ya son kama PP, zamewa yake yi kamar ruwa a ganyen gwaza. Shi ya sa za ku ga bambar da aka fesa wa baƙin fentin gwangwani tana ɓarewa kamar ɓawon albasa bayan wata biyu, ta fi da muni. Dole a fara fesa firama ta roba, wani ruwa garai-garai da ke riƙe robar ta gefe ɗaya, ya riƙe fentin ta ɗaya gefen. Kafin nan a ɗan kankare fatar da koren soson wanke-wanke, ba da sanfefa mai kaushi ba, don kada a share gurzin da kamfani ya yi mata. Bayan firama sai baƙin fenti marar sheƙi, a riƙe gwangwanin kamar taƙi guda daga jikin robar, a fesa siriri sau biyu ko uku, ana barin 'yan mintoci a tsakani. A rufe hanci, a yi a fili, nesa da wuta, kuma ba ranar da iskar hunturu ke kaɗawa ba, in ba haka ba ƙura za ku fente. Idan ana iya kwance bambar a ajiye ta gefe, ya fi.

Wadda ta tsage kuwa, sai masu ɗinkin roba, waɗanda ke like bokiti da ƙarfe mai zafi. Su ma ku lura da su: ba kowace roba suke narkawa a kan kowace ba. PP da PP take haɗuwa. Wannan ilimin sun same shi ne da hannu, ku kuna iya karanta shi a bayan bamba.

Kafin ku taɓa motar kowa

Ku gwada a kan abin da ba mai kuka a kansa. Ku nemi guntun tsohuwar bamba a garejin unguwa, ku wanke, ku raba shi gida huɗu da salatif. Gida ɗaya man gyaɗa, ɗaya bazilin, ɗaya man takalmi, ɗaya a bar shi haka. Ku ɗora a kan katanga inda rana ke duka, ku riƙa dubawa kowane kwana uku kuna rubutawa, ku watsa masa ruwan omo sau ɗaya a mako. Cikin mako uku kun san abin da masu wankin mota da yawa ba su taɓa tsayawa sun auna ba. 'Yan ƙungiyar JETS ga aikin baje koli a ɓagas.

Idan kun fara karɓar aiki, ku faɗa wa mai mota gaskiyar abin da kuka shafa da kwanakin da zai yi. Wanda ya biya kuɗin rini aka shafa masa bazilin, ranar da aka yi ruwan farko zai gane, kuma tashoshinmu ƙanana ne, kafin la'asar kowane direba ya ji. Akwai kuma dillalan da za su ce ku like tsaga ku rufe ta da fenti don mai saye kada ya gani. Baƙanta robar da ta koɗe gyara ne, mai saye yana ganin abin da yake saye. Ɓoye masa karaya algus ne, kuma da hannunku aka yi shi.

Bambar gwanjon da muka saya wa Kawu ita ma da furfurarta ta zo. Sai da muka yi mako guda muna roƙo kafin ya bari muka sake taɓa motar, shi ma da sharaɗin a kwance bambar a kai ta bayan gida, ita kuma motar ya tafi da ita tasha haka nan ba bamba. Muka wanke sau uku, muka bi da sifirit, muka fesa firama, muka fesa fenti. Ta shiga damina ta fita, ta shiga hunturu ta fita, baƙin yana nan. Sai a kusurwar hagu ta ƙasa, inda hannunmu bai kai da soso sosai ba, nan ya fara ɓarewa kamar faɗin kwabo. Kawu ya nuna mana wurin da makullin mota da muka dawo hutu, ya ce ƙaninmu ya gyara, sannan ya turo masa Sharon ɗin wani abokinsa da ke lodin Sabuwa.